Taswira Ya Warke Sarai

Shekara goma sha tara Taswira ya yi yana jan motar makaranta, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa miƙa masa takarda mai sunan yaro ko ɗaya ba. A rubuta me? Yara talatin da huɗu yake ɗauka, gidajensu kaf suna cikin kansa. Ya san yarinyar da ake saukewa gidan kakarta ranar Talata, ya san yaron da iyayensa suka rabu, mako ɗaya nan mako ɗaya can, ya san ƙofar da ba a danna hon saboda maigidan da rana yake barci. Shi ya sa kowa ke ce masa Taswira, sunansa na gaskiya sai dai a katin aiki. Shugabar makarantar kuwa in baƙi suka zo, bayan ta zagaya da su ɗakin karatu da filin wasa, sai ta nuna musu shi ta ce, "Mu nan ba ruwanmu da takarda, ga namu."

Sai cutar nan mai shaƙe numfashi ta shigo gari, ta tsallake samari masu zuƙar sigari ta zo ta kada shi. Kwana ashirin da shida ya yi a ɗakin da asibiti ke ajiye waɗanda suke rai kwakwai mutu kwakwai, goma sha bakwai daga ciki inji ne yake yi masa numfashi. Bai san safiya ba, bai san yamma ba. Abin da ya sani kawai ƙarar na'urar da ke saman kansa, ƙit, ƙit, ƙit, da wasu mutane masu rufaffiyar fuska da ke zuwa su juya shi kamar buhu.

A makaranta fa ido ya raina fata. Direbobi uku aka ɗauko ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tambayi ina jerin gidajen yara, aka ce masa yana asibiti. Daga ƙarshe aka ajiye motar, iyaye suka koma kai 'ya'yansu da kansu suna ta mita. Kai ka ce wannan ya isa ya sa a zauna a rubuta sunaye. Ina. Kwamiti aka kafa, kwamitin jiran dawowar Taswira, yana zama duk ranar Laraba.

Ya kuwa dawo. Wata huɗu ya yi a gida, jiki ya murmure, ya koma hawa matakala ba tare da ya tsaya a tsakiya yana haki ba. Duk wanda ya zo dubiya, matarsa takan tare shi tun daga ƙofa da magana ɗaya: "Ya warke sarai." Ta faɗa wa dangi, ta faɗa wa maƙwabta, har mai kawo tukunyar gas sai da ta faɗa masa, shi da bai ma san an yi ciwon ba.

Shi dai ya san akwai abin da aka baro a ɗakin can na asibiti. Zai miƙe da niyya ya shiga ɗaki, sai ya tsinci kansa tsaye ƙiƙam bai san abin da ya kawo shi ba. Kalma irin cokali sai ta ɓace masa, ya yi ta nuni da hannu har a miƙo. Wata rana kan ya tashi garau, har lambar motar da ya fara koyon tuƙi da ita yana iya kawowa. Washegari kuma kamar an cusa masa auduga. Ga hawaye. Mutumin da bai yi kuka a gaban kowa ba ranar da aka binne mahaifinsa, yanzu in ya ga tsuntsu ya ɗauki tsinke a baki sai idonsa ya ciko. In kuwa wani abu ya yi ƙit ƙit kusa da shi, agogo ne ko wayar baƙo, sai tafin hannunsa ya jiƙe, ƙirjinsa ya ɗaure. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, domin 'ya'yan mutane zai koma ɗauka, kuma bai sami wanda zai tsaya ya ji shi ba.

Ranar da ya koma asibiti karɓar takardar komawa aiki, ya ƙudura a ransa sai ya faɗa. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinsa saitin taga yana murmushi kamar hoton ɗansa yake kallo.

"Baba, huhun nan ko ni ba ni da irinsa."

"Likita, ba huhun ba ne. Kan ne. Mantuwa nake yi, kuma yara nake ɗauka a mota."

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da bakwai."

"To ni arba'in da ɗaya, kuma yanzu haka ban san inda na ajiye birona ba." Ya shafa aljihu, ya shafa tebur, ya ciro shi daga bayan kunne. "Ka gani? Sannan ni likitan ƙirji ne. Daga wuya zuwa sama ba ɓangarena ba ne. Akwai mai duba wannan, sau ɗaya yake zuwa a wata, zan sa a ba ka rana."

Ranar da aka ba shi sai nan da wata bakwai. Ya tambaya ko kafin nan za a rubuta masa cewa da sauransa. Likitan ya juyo masa da takardar don ya gani da idonsa. Gurbi biyu ne a ƙasanta, ɗaya an rubuta ya warke, ɗaya an rubuta ya rasu.

"Wanne kake so in cika maka, Baba?"

Haka ya fito da takardar a hannu, da hatimi har biyu.

A bakin makaranta ya tarar an ɗaura wani ƙaton ƙyalle daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, da hotonsa na ƙuruciya, lokacin da yake da suma, an rubuta barka da dawowa jaruminmu. Yara suka yanyame shi, wasu suna taɓa hannunsa su ji ko da gaske shi ne. Da ƙyar ya zame ya shiga ofis.

"Ranki ya daɗe, ina da magana. Kan nawa ba kamar da ba ne. Da za a ba ni wani aikin, ko gadi ko wankin motar, kafin in ga ɗaya likitan."

Shugaba ta dafe ƙirji ta juya ga mataimakinta. "Ka ji abin da nake gaya maka ko? Tawali'u. Mutum ya je bakin kabari ya dawo, wai wankin mota yake nema." Ta karɓi takardar asibitin ta karanta a bayyane har zuwa kan hatimi. "Likita ya ce ka warke, kai kuma ka ce me? Ka san Laraba nawa muka yi muna zama a kanka? Ka ga ƙyallen kuwa?"

Ya ce ya gani. Ta miƙa masa makulli.

Abu ɗaya ne ya sauya a bayansa. An fito da doka cewa kowace motar yara sai da babba ɗaya ban da direba. Sai aka ɗauko wata mata da ta shekara takwas tana sharar ajujuwa, aka ba ta riga mai tambarin makaranta, yara suka laƙaba mata Anti. Mace ce mai shiru-shiru, 'ya'yanta uku, kuma rigar nan ba ta wasa da ita, kullum a goge take. Da ta tambayi yadda za ta san gidajen, aka ce ta bi Taswira.

Makon farko hannu ne ya yi aikin, ya bar shi ya juya sitiyari inda ya saba. Matsalar ɗaya ce, motar in an sa ta ribas ƙit ƙit take yi. Ranar da ya fara ji sai da ya kifa kai a kan sitiyari ya jira gumin ya tsaya. Daga nan ya daina ribas kwata-kwata. In ya wuce ƙofa da taku biyar, sai ya zagaye unguwar gaba ɗaya ya sake ɓullowa. Yara suka ɗauka yawo yake kai su, har iyaye suka fara yaba yadda yake faranta wa yara rai tun da ya tashi.

Ranar Litinin ta biyu da safe ya karya kwana ya shiga wani layi, ya tsaya gaban wani koren get, ya danna hon sau biyu. Shiru. Ya ƙara dannawa. Yara suka fara kallon juna. Can sai ga wani ƙato mai gemu ya fito daga shi sai singileti, da jariri a kafaɗa. Ya kalli motar, ya kalli direban, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Baba Taswira, ni ka zo ɗauka? Bari in ɗauko jakata."

Tsohon ɗalibi ne, rabon da ya ɗauke shi shekara goma sha biyar ke nan. Yara suka yi ta dariya har da dukan kujera, shi ma ya yi yaƙe ya ce gaisuwa ya biyo yi. Kafin a tashi labari ya kai ofis. Ya zauna yana jiran a kira shi a karɓe makullin, har wani sanyi-sanyi yake ji a ransa, ya ce to yau dai an gani. Aka kuwa kira shi. Shugaba ta tara malamai ta ce su dubi wannan bawan Allah, ɗaliban shekara goma sha biyar ma bai manta ƙofarsu ba, su kuwa sunayen aji ɗaya sun gagare su. Aka yi masa tafi.

A ranar ne ya roƙi Anti. Bayan sun sauke yaro na ƙarshe ya faka a gindin wata bishiya ya kashe mota.

"'Yar'uwa, ki samo littafi. Zan faɗa miki gidajen ki rubuta. In kin ga na kauce hanya, ki yi min magana."

Ta dube shi ta madubi, ta gyaɗa kai. Ba ta tambaye shi dalili ba, abin da ya sa ta kwanta masa a rai ke nan. Washegari ta zo da littafi mai jan bango, yana faɗa tana rubutawa da manyan baƙaƙe irin na wanda ya koyi rubutu da girma. Ran nan da audugar a kai ya tashi, amma ya daure. Gida talatin da uku ya faɗa daidai. Na talatin da huɗu na wata yarinya ce 'yar shekara shida mai wushirya, wadda tun da ya dawo ba ta shiga motar ba, tana gida da karaya a hannu, don haka Anti ba ta taɓa ganin ƙofarsu ba. Ya ba da gidan da suka bari tun bara waccan.

Ranar da yarinyar ta dawo makaranta babanta ne ya kawo ta da safe. Da aka tashi ta shiga mota ta ɓingire da barci a kujerar baya. Taswira ya tsaya gaban wani bene mai hawa huɗu. Anti ta duba littafi ta ga daidai ne, ta tashe ta, ta riƙe mata hannu har bakin matakala. Yarinyar cikin magagi ta ga matakalar da ta sani, ta hau abinta. Mota ta wuce.

Yana gida yana shan shayi wayarsa ta yi ƙara. Shugaba ce, muryarta duk ta sauya. Uwar yarinyar tana ofis tana kururuwa, awa biyu ba a ga 'yarta ba. Yana jin haka sabon gidan ya faɗo masa a rai tar, mai fenti ruwan ƙasa, jikin kantin magani, inda shi da kansa ya sha sauke ta. Ya saki kofin ya fita da gudu.

A hawa na uku na tsohon benen ya same ta, zaune a bakin ƙofar da ba tasu ba, ta rungume jakarta. Masu gidan sun tafi aiki. Ta yi fitsari a zaune, ta yi kuka har ta gaji ta daina. Da ta gan shi ta ɗago.

"Baba, na yi ta ƙwanƙwasawa, Mama ta ƙi buɗewa."

Ya sunkuce ta. Tun daga hawa na uku har titi kuka yake yi, wannan karon ya san dalili.

Washegari ga yadda labarin ya zama a bakin mutane: Taswira ne ya gano ta. Ana can ana buge-bugen waya, shi ko tambaya bai yi ba, kai tsaye ya nufi inda take. Uban yarinyar ya rungume shi a gaban kowa ya ce har ya mutu ba zai manta da shi ba. Laifi kuwa dole a samo masa mai shi, kuma ba a sha wuya ba. Ga littafi mai jan bango, ga gidan da ba daidai ba, ga manyan baƙaƙe. Anti ta ce Taswira ne ya faɗa mata. Aka ce kada ta haɗa sakaci da sharri, ɗaya ma ya ishe ta. Aka karɓe rigar, aka ce ta zo ranar Laraba gaban kwamiti. Wane kwamiti kuma? Na jiran dawowar Taswira mana. Ba a taɓa rushe shi ba, sai aka ba shi wannan aikin.

Ranar Talata da yamma ya sami matarsa tana ninke kayan wanki a bakin gado.

"Gobe zan faɗa musu ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na ba ta gidan. Ke ma kin san kan nan ba daidai yake ba."

Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta. "Ni ban san komai ba. Kowa yana mantuwa."

"Korar matar nan za su yi. 'Ya'yanta uku."

"Ni ma ai da 'ya'yan." Ta ajiye rigar ta dube shi. "Baban yara, kwana ashirin da shida na yi a kan bencin baranda, ba a bari in leƙa ka. Sau biyu ana fitowa a ce in kira 'yan'uwanka. Na roƙa a dawo min da kai, aka dawo min da kai. Yanzu kuma in buɗe baki in ce abin da aka ba ni bai cika ba? Ba da ni ba. Ka warke."

Ya ji tausayinta, ya ji haushinta, ya rasa wanda ya fi yawa. Ya ɗauki tawul ya shiga wanka.

Ranar Laraba, don tsabar rashin sa'a, kan garau ya tashi. Ya gwada kansa da sunayen tituna, duk suka zo a jere. Ya yi tsaki ya yi sauri ya fita kafin matarsa ta sake buɗe maganar.

Mutum huɗu ya tarar a ofis. Ga Shugaba, ga shugaban ƙungiyar iyaye mai biro uku a aljihun gaba, ga uban yarinyar. Anti tana can jikin bango a kan wata 'yar kujerar yara, cikin kayanta na gida, ta haɗa hannu a cinya. Ba wanda ya kira shi, shi ya tura ƙofa ya shiga.

"Ni na faɗa mata gidan. Ni na tsayar da motar. Ita abin da na ce shi ta rubuta."

Shugaban iyaye ya cire tabarau ya goge ido.

"Kun ga mutum ko? Laifin wata yake so ya ɗauka ya ɗora wa kansa. Irin waɗannan sun ƙare."

"Ba kirki ba ne, yallaɓai. Ciwo ne."

"Wane ciwo? Ga takardarka nan a fayil," in ji Shugaba. "Ni da kaina na karanta."

"To bari mu yi abin da hankalin kowa zai kwanta," in ji shugaban iyaye, ya gyara zama. "Malam Taswira, faɗa mana gidajen yaran nan daga farko har ƙarshe."

Ya buɗe baki da niyyar ya yi kuskure da gangan, ko ɗaya ne, ko biyu. Amma shekara goma sha tara ba wasa ba ce, bakin ya tafi da kansa. Layi bayan layi, ƙofa bayan ƙofa, da kakar ranar Talata, da yaron mako-mako, da gidan da ba a hon, har ya dire a kan mai fenti ruwan ƙasa jikin kantin magani. Babu wanda yake da abin da zai gwada amsar da shi a duk ɗakin, amma kowa ya gamsu. Aka sake yi masa tafi, uban yarinyar har da miƙewa tsaye.

"Don Allah ku saurare ni," in ji Taswira. "Yau ce haka. Gobe ban sani ba. Wannan karon a kan matakala aka same ta. Wani karon a titi zan sauke ɗan wani."

"Gajiya ce," in ji Shugaba. "A ba shi ruwa." Ta jawo wata takarda da aka riga aka buga tun jiya, ta gyara murya, ta fara karanta wa Anti.

Ba ta kai layi na uku ba aka turo ƙofa. Matarsa ce, da leda a hannu. Da ganin fuskarta ta daɗe tsaye a waje.

"Ku yi haƙuri. Takalmi na kawo masa."

Duk suka kalli ƙafarsa. Ta dama baƙin takalmin aiki ne, ta hagu ruwan ƙasa na fita unguwa. Shi ma sai a lokacin ya gani.

"Niyyata in yafito shi waje ya sauya kafin wani ya lura," in ji ta. "Haka nake yi. Wata biyar ke nan haka nake yi."

Ba ta kalle shi ba, teburin take kallo. Muryarta ba ta tashi ba, kamar mai karanta saƙon wani.

"Sau tara ina kashe gas a bayansa. Makullin motar nan ni nake sa masa a aljihu kullum, don na taɓa tsintarsa a cikin firiji. Ran nan ya jawo ni gefe ya nuna autarmu, ya tambaye ni a hankali yaya sunanta. Agogon ɗakinmu lafiyarsa ƙalau, ni na cire batirin na ce masa ya lalace, saboda in ya yi ƙara sai ya jiƙe da gumi. In ya shiga wanka yakan saki famfo don kada mu ji kukansa. Muna ji. Ni da yaran duk muna ji, sai in ƙara muryar rediyo. Wannan da kuka tafa wa yanzu ranarsa mai kyau ke nan, kuma ga ƙafarsa. Ni na fara cewa ya warke, daga bakina kowa ya ji. Ƙarya na yi. Ku ƙyale matar nan."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har takalman nan biyu. Bai taɓa sanin suna ji ba. Ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa, kuma matarsa ce ta tuɓe shi. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya daɗe bai ji ba. Kafaɗunsa suka sauka, ya ja numfashi har ƙasa. An yarda da shi.

Wannan karon ba wanda ya tafa. Shugaban iyaye ya ciro biro ɗaya ya duba ya mayar. Shugaba ta ninke takardar korar gida biyu, ta sake ninkewa gida huɗu, tana kallon taga.

"To ƙyallen fa?" in ji ta. "An riga an buga shi."

Can ta ce, "Wa zai ja motar gobe?"

"Ba shi ba," in ji uban yarinyar. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma bai iya haɗa ido da Taswira ba.

Taswira ya sa hannu a aljihu, inda aka sa masa, ya ciro makullin ya ajiye a kan tebur. Ya ce tun da yau kan a buɗe yake, a kawo takarda yanzu-yanzu, kuma duk gidan da ya faɗa a kira masu shi a tabbatar kafin a rubuta. Uban yarinyar ne ya riƙe waya, Anti ta riƙe biro. Shugaba ta buɗe durowa ta fito da rigar ta ɗora wa Anti a cinya, duk ta yamutse. Sai da rana ta karkata suka gama. Anti ta rako su har bakin get, ta kama hannun matarsa da hannu biyu ta riƙe, sannan ta koma ciki.

A ƙasa suka taho gida, shi a gaba ita a baya da ledar. Sun wuce shataletale, sun wuce gidan mai, suka zo inda hanya ta rabu biyu. Nan ya tsaya. Ya kalli dama, ya kalli hagu. Shaguna ne dai irin na ko'ina, da motoci, da mutane suna wucewa. Aikin yinin ya cinye ɗan hasken da ya tashi da shi, audugar ta dawo.

Ta iso ta tsaya kusa da shi. Ba ta yi kamar mai gyara mayafi ta wuce gaba don ya bi ta ba, yadda ta saba yi. Jira ta yi.

"Maman yara," ya ce, "ban san hanyar ba."

"Na sani," in ji ta. Ta mayar da ledar ɗaya hannun, ta kama nasa a gaban mutane. "Hagu ne."